Yadda Za Ka Kula da Motarka a Ƙasar Ƙura da Zafi

Cikin wani watan Afrilu na taso daga Kano zan je Zariya da iyalina. Mun wuce Kwanar Dangora kaɗan sai na ga allurar zafin inji ta bar tsakiya tana hawa. Na ce bari in lallaɓa zuwa inuwa, ga yara a baya, ga rana tana dukan kwalta. Ban yi kilomita uku ba tururi ya turnuƙe gilashin gaba. Tiyon lagireto na ƙasa ne ya tsage, ruwa ya tsiyaye, gaskit ya ƙone. Tiyon nan ya yi watanni yana kumbura, da na taɓa sa hannu na matsa shi da na ji ya yi laushi kamar tsumma. Kuɗin da gyaran ya ci ya ninka kuɗin tiyon sau da yawa, ban da wunin da yarana suka yi a bakin titi.

Tun daga ranar na gane cewa mai mota shi ne bakaniken farko. Na gareji yana ganin motar ne bayan ta riga ta kwanta, kai kuwa kullum kana cikinta, kai za ka fara jin sabon sauti, kai za ka fara ganin ɗigon mai a ƙasa. Ga yadda nake yi, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: sayi littafi, ka san motarka

Ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa. Ka ajiye shi a aljihun dashbod tare da biro. A shafin farko ka rubuta samfurin motar, shekararta, girman injinta, irin baƙin man da kamfani ya ce a zuba, irin man giya, da awon iskar taya. Yawancin motocinmu na hannu ne, sun zo ta Kwatano ko Legas babu littafin kamfani a ciki, amma ana samun littafin kusan kowace mota a intanet kyauta. Bayan haka duk abin da aka yi wa motar, ko filogi ɗaya aka canja, ka rubuta kwanan wata da lambar da mitar tafiya ta nuna.

Ka kula da mitar nan. Motar da aka yi don kasuwar Amurka da mil take ƙirga, yawancin na Turai da kilomita. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya jira mitarsa ta ƙara 5,000 alhali da mil take lissafi, ya yi tafiyar kilomita 8,000 ke nan bai sani ba.

Sannan ka sani cewa littafin kamfani jadawali biyu yake bayarwa: na tuƙin yau da kullum, da na yanayi mai tsanani, wato ƙura, zafi, cunkoso da gajerun tafiye-tafiye. Duk wanda ke tuƙi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, jadawali na biyu ne nasa.

Mataki na biyu: minti goma kowane mako

Ka ware safiya guda, ni Asabar nake yi, kafin a tayar da mota, tana kan wuri mai daidai.

Fara da ƙasa. Sunkuya ka duba inda motar ta kwana. Ɗigo baƙi mai yauƙi baƙin mai ne. Ja ko ruwan goro mai santsi yawanci man giya ne ko na sitiyari. Kore ko ruwan hoda na lagireto ne. Farin ruwa zalla a ɓangaren fasinja bayan an yi amfani da na'urar sanyi ba matsala ba ne, gumin na'urar ne.

Buɗe bonet ka zaro gejin baƙin mai, ka goge shi da tsumma, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyun. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakaninsu kusan lita ɗaya ce. In ka ga man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada ka tayar da motar, kira bakanike.

Duba ruwan lagireto ta jikin farar robar da ke gefensa, sannan ka matsa tiyo na sama da na ƙasa da hannu. Mai lafiya yana da tauri kuma yana dawowa. Wanda ya yi laushi, ko ya kumbura kusa da inda aka ɗaure shi, ko ya bushe yana tsattsagewa, a canja shi cikin makon nan. Duba man birki da ruwan wanke gilashi. Kewaya tayoyi huɗu. Daga ƙarshe ka sa yaro ya tsaya a baya, ka taka birki, ka kunna sigina dama da hagu, ya gaya maka wadda ba ta kawo ba.

Da ka murɗa makulli, fitilun dashbod za su kawo gaba ɗaya sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kawo ba sam, akwai yiwuwar an cire ƙwanta don a ɓoye matsala kafin a sayar maka da motar. Jar fitila mai kamar butar shayi kuwa, in ta kama kana tafiya, ka gangara gefe ka kashe inji nan take. Tana nufin mai ba ya zagayawa, kuma 'yan mintuna kaɗan sun isa inji ya buga.

Mataki na uku: juyen baƙin mai

Nan ne rayuwar inji take, kuma nan aka fi cutar masu mota.

Ƙa'idata ita ce kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Motar da ba ta fita sosai ma a yi mata, domin gajeriyar tafiya daga gida zuwa kasuwa ba ta barin inji ya yi zafin da zai ƙone danshin da ke taruwa a cikin mai. Man zamani mai tsada yana iya wuce haka a ƙasashen da babu ƙura, amma a nan ban yarda in ja shi da nisa ba.

Lambar da ke nuna kaurin mai tana rubuce a kan murfin da ake zuba shi ko a littafi: 5W-30, 0W-20, 10W-40 da sauransu. Al'adar garejinmu ita ce a zuba wa kowace mota 20W-50, a ce ƙasarmu da zafi, sai mai kauri. Wannan magana ta dace da tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna a da. Injin Corolla na 2003 zuwa 2008 kuwa 5W-30 aka rubuta masa, kuma yana da 'yan siraran hanyoyin da mai ke bi ya sarrafa buɗewar bawul. Mai kauri yana jinkirin isa can da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ka bi abin da wanda ya ƙera injin ya faɗa. In inji ya tsufa har yana shan mai, ana iya hawa mataki ɗaya na kauri, amma bayan an gano dalilin shan.

Ka sayi man da kanka a gidan mai ko wurin dillalin da ka amince da shi, galan a rufe da hatiminsa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ka san asalinsa ba, wani tsohon mai ne aka tace. Araha ba ta ado.

Ranar juye ka tsaya a wurin. A fara da inji mai ɗumi don man ya gangaro sosai. A bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. A canja filtar mai kowane juye, ba sau ɗaya cikin biyu ba, a shafa wa robar bakinta ɗan sabon mai, a ɗaure da hannu. Kada ka bari a wanke cikin inji da kananzir ko fetur. A zuba adadin da littafi ya ce. Corolla mai inji 1.8 kusan lita 4 take sha. Cikawa ya wuce alama illa ce, mai yana yin kumfa ya kuma fasa sil, wato robar da ke hana mai yoyo. A tayar da motar minti biyu, a kashe, a jira kaɗan, a sake aunawa, a leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Galan ɗin da ya ƙare ka huda shi kafin ka yar, don kada a cika shi da jabu a sayar wa wani.

Mataki na huɗu: filtar iska

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da kake sharewa a kan gilashi kowace safiya ita inji ke shaƙa. Filtar iska ce kaɗai tsakaninta da cikin silinda. A hunturu ka buɗe akwatinta duk wata, ka ɗaga ta ga hasken rana. In haske ba ya ratsawa, a canja. Kakkaɓewa a hankali ba laifi, amma hura ta da iskar mai faci mai ƙarfi yana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Wanda ya cire filta gaba ɗaya don wai mota ta ƙara gudu, yashi yake ɗura wa injinsa. Akwai wata filtar a bayan aljihun dashbod, ta na'urar sanyi. In iska ta rage ƙarfi ko tana wari, ita za ka fara dubawa.

Mataki na biyar: lagireto

Abu uku nake roƙon mai mota a nan.

Na ɗaya, ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. Yana barin gishiri da tsatsa da ke toshe siraran bututun lagireto, ya ci famfon ruwa. Kulan, wato ruwan nan mai launi, yana hana tsatsa kuma ya fi ruwa jure zafi kafin ya tafasa. Kada ka gauraya launi biyu. In kana hanya babu yadda za ka yi, zuba ruwa mai tsabta ka isa gida, daga baya a juye a sa kulan.

Na biyu, tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. Mota na sauka daga jirgi, abin da wasu bakanikai ke fara yi shi ne su cire shi su haɗa fanka kai tsaye, su ce na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 90, kuma tamostat ne ke kai shi can da wuri ya riƙe shi. In babu shi, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, sai ta riƙa ƙara fetur. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan asara ce da kake biya kowace rana. In mota na zafi, dalilin yana wani wuri: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, fanka ta mutu, ko akwai yoyo. In tamostat ɗin ne ya lalace, a sa sabo.

Na uku, in allura ta hau, kada ka yi abin da na yi. Kashe na'urar sanyi, gangara, kashe inji. Kada ka taɓa murfin lagireto sai ya huce, aƙalla rabin awa, domin ruwan da ke ciki yana iya feshe maka fuska da hannu. Kada kuma ka kwarara ruwan sanyi a kan inji mai zafi.

Mataki na shida: taya

Awon iskar da ya dace yana kan wata takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba. A yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a awon PSI na gejin iska. Lambar da ke jikin tayar kanta, kamar 44, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa ba. Masu faci da yawa suna buga 45 ko 50, kuma gejin wasunsu ya daɗe da lalacewa. Sayi naka ƙarami, ka auna da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya.

Tayar da ta cinye a tsakiya, iska ta yi mata yawa. Wadda ta cinye gefe biyu, iska ta yi kaɗan, kuma irinta ce ke yin zafi ta fashe a doguwar tafiya. Wadda ta cinye gefe ɗaya, a je a yi alaimen a duba ƙafar mota. Cikin ramukan zanen taya akwai 'yan tudu. In zane ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, tayar ta gama. Duk kilomita 10,000 a sauya na gaba su koma baya.

Taya tana da ranar haihuwa. Nemi rubutun DOT a gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, zafinmu kuma yana gaggauta hakan. Ni tayar da ta kai shekara biyar ba na hawa babban titi da ita, komai kyan zanenta. In dole sai ta hannu za ka saya, duba shekarar, ka guji mai kumburi a gefe, ka guji mai hoton dutse da ƙanƙara a jiki, wannan don hunturun Turai aka yi ta, kwaltar Afrilu tana cinye ta da wuri.

Mataki na bakwai: birki da giya

Ƙarar ƙarfe mai tsini in ka taka birki gargaɗi ne cewa fad, wato abin da ke matse faifan birki, ya kusa ƙarewa. In ka bari ya koma gurza, faifan ma ya tafi. Man birki in ya ragu, ko fad ne ya cinye ko akwai yoyo, don haka ƙarawa kawai ba magani ba ne. Man yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu, da lambar da ke kan murfi, DOT 3 ko DOT 4. Birkin da ya yi laushi ko yake nutsewa har ƙasa, ba a kai shi gobe. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a madadin man birki wasa ne da rayukan mutane.

Giyar otomatik ba ta yafe kuskure. Kowane kamfani da nasa man: tsofaffin Toyota da yawa T-IV, na baya-bayan nan WS, Honda tana da nata, giyar CVT kuma nata daban ne gaba ɗaya. Jan launi kaɗai ba shaida ba ne. A Toyota mai geji ana auna shi inji na aiki bayan ya yi zafi, a Honda kuwa sai an kashe. Ni duk kilomita 60,000 nake sa a tsiyaye a zuba sabo. In man ya yi baƙi yana ƙauri, nemi wanda giya ce sana'arsa.

Mataki na takwas: batir, filogi da bel

Zafi ne ke kashe batir a wurinmu. Mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe, 13.5 zuwa 14.5 in tana aiki. Farin garin da ke taruwa a kansa ruwan kanwa yana wanke shi. In za ka kwance batir, cire kan mai alamar ragi da farko, shi kuma za ka mayar a ƙarshe. Kada ka yarda mai wayarin ya zare kan batir inji na aiki don gwada caji, yana iya ƙona kwamfutar mota.

Filogi na gama-gari yana kai kilomita 30,000, na iridiyam na asali yana kai 100,000. Fanbel in ya fara kuka da safe ko ya tsattsage, a canja.

Sai taimin, wato abin da ke daidaita buɗewar bawul da juyawar inji. Tambayi bakanikenka ko injinka sarƙa ne ko bel. Corolla ta 2003 da Camry mai inji 2.4 sarƙa ne, ba ruwansu da canji muddin ana juyen baƙin mai a kan lokaci. Peugeot 406 da Honda Accord mai silinda shida bel ne, kuma in ya tsinke ana tafiya bawul na lanƙwashewa. In ka sayi mai bel ba ka san tarihinta ba, canja shi tare da famfon ruwa tun a makon farko, ka rubuta a littafi, ka sake kafin kilomita 90,000 ko shekara biyar.

Mataki na tara: bi yanayi

Kafin bazara, a wanke fuskar lagireto daga ƙurar hunturu, a gwada fanka. Kafin damina, sabuwar waifa, domin rana ta riga ta busar da tsohuwar. Ruwan da ya kwanta a titi, in ya kai rabin taya ka juya. In mota ta mutu a cikinsa kada ka sake murɗa makulli, a tura ta waje; ruwan da ya shiga silinda yana lanƙwasa ƙarfen fistin. Tanki kuma kada ya riƙa sauka ƙasa da kwata, saboda famfon mai a cikin fetur yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Kafin tafiyar Sallah a duba safaya, jak, sifanar taya, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, waɗanda jami'an kiyaye haɗurra ma za su tambaye ka.

Mataki na goma: kai da bakanike

Riƙe mutum ɗaya mai amana ya fi yawo gareji-gareji. Ka gaya masa abin da ka ji, kada ka gaya masa abin da zai canja. "Oga, in na taka rami ina jin ƙwas-ƙwas ta gaban dama" ya fi "canja mini shokozoba". In fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama, a sa na'urar bincike a karanta lambar matsalar kafin a kwance komai. Duk motar Amurka daga 1996 tana da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari.

Nawa bakaniken, da na fara zuwa da littafi, ya karɓa ya jujjuya shafukan ya ce, "Alhaji, ai ka rage mini aiki. Ga shi nan, wata huɗu da suka wuce muka sa fad, to ƙarar nan ba daga birki take ba." Ya ɗaga motar ya kama tayar ya girgiza, ashe boris ne, wato abin da taya ke juyawa a kansa. In za a sayo kaya a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, ka tafi da tsohon a hannu a gwada, ka tambaya sabo ne ko ɗan Beljiyam, ka kuma ce a ajiye maka duk abin da aka cire. Ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja mai yawa ba, sannan kafin ka bar garejin ka buɗe littafin a kan bonet ka rubuta kwanan wata, lambar mita, abin da aka sa, da lambar da za a kai kafin juye na gaba.